Tukwane a Bakin Taga: Kundin Aikin Shuke-shuken Aji Huɗu

Litinin, 9 ga Satumba, 2024

Yau na shigo da tukwane shida cikin aji tun kafin yara su iso, na jera su a bakin tagogin gabas. Yarana 34 ne bana, shekarunsu daga takwas zuwa goma. Na buɗe wannan littafi ne don na san halina: in ban rubuta abu ranar da ya faru ba, a ƙarshen zango abin da na so ya faru kaɗai zan tuna.

Da na je neman izinin shugaban makaranta a makon jiya, hujjar da na kai masa ita ce tsabtace iska. Na ce masa tsirrai suna tsotse gurɓataccen abin da ke cikin iskar ɗaki, har hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta gwada ta gani. Ya ɗan yi shiru, sannan ya ce, "To Malama, in dai ba za su tara mana sauro ba, kuma ba za a wayi gari tukunya ta faɗo wa ɗan wani a kai ba, Allah ya taimaka." Sharuɗɗa biyu ke nan. Na rubuta su a cikin bangon littafin nan.

Abin da ke cikin tukwanen: moda biyu, masu ganye a tsaye kamar takubba, alovera ɗaya, na'a-na'a ɗaya, sai biyu na wani tsiro mai siraran ganye da farin layi a tsakiya, wanda masana ke kira Chlorophytum comosum. Na zaɓe su ne don suna da jimiri, ban da na'a-na'a, wadda na ɗauko saboda ƙamshi kawai.

Tambayar farko da aka yi mini daga layin baya ta fito: "Malama, na gaske ne ko na roba?" Na ce ya zo ya taɓa. Ya taɓa modar, ya koma ya sanar da aji cewa na roba ne.

Alhamis, 12 ga Satumba

Mun raba aiki. Rukuni shida, kowane rukuni da tukunyarsa, kuma kowace rana mutum ɗaya ne mai duba ƙasa. Ƙa'idar ita ce a cusa ɗan yatsa zuwa gaɓa ta farko: in ya fito da danshi a ajiye buta, in ya fito a bushe a ba da ruwa har ya fara ɗiga ta ƙasan tukunya.

Sunan Latin ya gagari kowa, har ni a karon farko. Wata yarinya ta dubi dogayen silin da ke saukowa daga jikin tsiron, kowane da ɗan ƙaramin tsiro a rataye a bakinsa, ta ce gizo-gizo ne ke saukowa a zarensa. Shi ke nan suna ya bi shi. Yanzu muna da Gizo Babba da Gizo Ƙarami.

Juma'a, 20 ga Satumba

Ranar Litinin na sa su zana tsiron rukuninsu. Abin da na karɓa ya ba ni dariya, ya kuma ba ni tunani. Kusan kowa sanda ya zana, da ganye biyu, da fure mai kunnuwa biyar a ka. Babu tsiro ko ɗaya a ajin nan mai fure. Tukunyar tana gabansu, amma abin da ke cikin kansu suka zana.

Wasu malaman ilimin tsirrai biyu na Amurka, James Wandersee da Elisabeth Schussler, sun raɗa wa wannan hali suna a ƙarshen shekarun 1990, suka kira shi makanta ga tsirrai. Nufinsu, mutum yana iya duban hoton giwa a daji ya ce giwa ya gani, itatuwan da suka cika hoton kuwa sun zama labule kawai a idonsa. Ban taɓa ganin abin ƙuru-ƙuru ba sai a takardun nan.

Yau muka sake. Na hana ɗaukar fensir sai bayan minti biyar na kallo. Na ce a ƙirga ganye, a duba ta ina sabo ke fitowa, a juya bayan ganye. Minti biyar a wurin ɗan shekara tara kamar yini ne, an yi ta mutsu-mutsu. Amma zanen ya sauya. Wani ya gano cewa karan na'a-na'a ba zagayayye ba ne, kusurwa huɗu gare shi, ya murza shi tsakanin yatsu ya tabbatar, sannan ya zagaya yana nuna wa kowa kamar shi ya ƙera shi. Shekarata nawa ina ganin na'a-na'a, sai yau na murza karanta.

Lahadi, 29 ga Satumba

Na zauna a gida in shirya darasin tsabtace iska, sai na ce bari in karanta binciken nan na NASA da kaina, tun da na yi ta kafa hujja da shi. Da na sani da ban cika baki ba.

Binciken gaskiya ne. A 1989 aka fitar da shi, ƙarƙashin jagorancin B. C. Wolverton. Amma abin da suka yi shi ne sanya tsiro cikin akwati rufaffe ruf, su tura masa sinadarai irin su benzin da fomaldihaid, su auna nawa ya ragu bayan wani lokaci. Damuwarsu tashar sararin samaniya ce, inda ba a buɗe taga. Aji kuwa ba akwati ba ne. Ƙofa na buɗewa, iska na shiga ta taga, tana fita ta kowace kafa.

A 2019 wasu injiniyoyi biyu na Jami'ar Drexel da ke Amurka, Bryan Cummings da Michael Waring, suka tattara sakamakon irin waɗannan gwaje-gwaje na shekaru da dama, suka yi lissafin abin da zai faru a ɗaki na gaske. Suka ce kafin tsirrai su kamo abin da sauyawar iska ta yau da kullum ke yi a gini, sai an zuba tsiro 10 zuwa 1,000 a kan kowace murabba'in mita ɗaya ta daɓen ɗakin. Na karanta layin sau uku.

Batun numfashi ma haka yake. Abin da yara 34 ke fitarwa na iskar kabon dayoksaid cikin awa ɗaya ya fi ƙarfin tukwane shida nesa ba kusa ba. In aji ya yi nauyi, yara suna hamma bayan tara, maganin a buɗe tagogi ne.

Na daɗe zaune ina tunanin ko in kwashe kayana. Sai na tuna yaron da ke murza karan na'a-na'a. Ba don wannan na kawo su ba, amma shi ne abin da ya faru.

Litinin, 30 ga Satumba

Na je ofis na warware maganata. Na ce, "Ranka ya daɗe, hujjar da na kawo maka ba ta tsaya ba." Ya yi dariya, ya ce shi dama sauro ne damuwarsa.

A aji na mayar da kuskuren darasin lissafi. Muka auna ɗakin da igiyar awo: tsawo mita 8, faɗi mita 6, murabba'in mita 48 ke nan. In kowace tana buƙatar tsiro 10 a ƙalla, nawa za mu nema? Da 480 ta fito a allo sai wata ta ɗaga hannu ta ce, "To Malama, mu kuma ina za mu zauna?" Na faɗa musu cewa ni ma na yarda da maganar da ban bincika ba. Sun ji daɗin wannan fiye da yadda ya kamata.

Laraba, 9 ga Oktoba

Alovera ta mutu.

Tun makon jiya ganyenta ya fara laushi daga gindi, ya koma ruwan ƙasa. Yau da na ɗan ja shi sai ya biyo hannuna. Takardar rukuninsu ta nuna sau biyu kawai aka ba ta ruwa cikin wata guda, amma ƙasar jagab take kamar taɓo. Ruwa ba ya tsami banza. Na yi tambaya, aji ya yi tsit. Can bayan an tashi tara wani yaro ya tsaya a bakin tebur yana wasa da maɓallin rigarsa. Ashe kullum in za a tashi yakan juye mata ragowar ruwan gorarsa. Ya ce gani ya yi kowa na shan ruwa ita ba a ba ta.

Ban yi masa faɗa ba, don ban san laifin da zan kira shi ba. Garin gyaran gira ne aka rasa ido. Maimakon a jefar da tukunyar a ɓoye, sai muka shimfiɗa jarida a tebur muka zazzage ta gaban kowa. Saiwar ta yi baƙi, ta saɓule, tana wari. Na zaro Gizo Ƙarami daga tasa tukunyar a hankali don su ga bambanci: saiwa fara, mai ƙarfi, da wasu kumbura-kumbura inda yake ajiyar ruwa. Na bayyana musu cewa saiwa ma numfashi take yi. Tsakanin ƙwayoyin ƙasa akwai 'yan guraben iska, in ruwa ya cike su kullum sai saiwa ta shaƙe, ruɓa ya biyo baya. Alovera kuwa tsiron busasshen wuri ce, tulun ruwanta yana cikin ganyenta.

Na sha koyar da "abubuwan da tsiro ke buƙata" daga littafi: ruwa, iska, haske, ƙasa. Yara su haddace, su rubuta a jarrabawa, su ci. Ba wanda ya taɓa tambayata ko ruwa na iya yin yawa. Yau mutum huɗu suka tambaya.

A gefen gindin mun sami ɗan toho guda da ruɓan bai kai gare shi ba. Na ba yaron nan shi, da sabuwar ƙasa mai yashi da yawa. Na ce kada ya ba shi ruwa sai bayan mako guda. Ya dube ni kamar na ce ya yi zalunci.

Talata, 15 ga Oktoba

Labari ya kai gidaje. Wata uwa ta aiko da kyautar tsiro mai faffaɗan ganye da ɗigo-ɗigon fari, kyakkyawa ƙwarai. Dieffenbachia ne. Ruwan jikinsa yana ɗauke da wasu ƙananan allurai na sinadarin kalsiyam okzalet, in yaro ya tauna sai baki ya yi raɗaɗi, harshe ya kumbura, in ya shiga ido ma wahala ce. Na rubuta mata godiya, na mayar da tsiron ɗakin malamai. Wannan ya sa na sake bin nawa ɗaya bayan ɗaya. Gizo ba shi da illa. Moda kuwa in aka tauna tana iya tayar da zuciya, don haka na ɗaga su zuwa kan kabad, muka kuma kafa doka: ba a kai ganye baki, ana wanke hannu bayan taɓa ƙasa.

Wata uwar kuma ta zo da kanta, 'yarta na da asma. Tambayarta a kan hanya take. Ƙasa mai yawan danshi tana yin fumfuna, ganye yana tara ƙura, fure yana sakin gari. Muka yi yarjejeniya: ba tsiro mai fure, a riƙa goge ganye da jiƙaƙƙen tsumma duk Juma'a, kuma in an zo zazzage ƙasa a yi shi a waje. Na mayar da yarinyar nesa da taga, na ba ta aikin riƙe littafin awo.

Litinin, 21 ga Oktoba

Mun shuka wake a kofunan roba masu nuna ciki, an liƙa ƙwayar a jikin kofi da jiƙaƙƙiyar auduga don a ga abin da ke gudana. Kofi 12 a taga, 6 cikin kabad mai duhu. Kowa ya rubuta hasashensa. Mutum 31 sun ce na duhu ba za su tsiro ba.

Juma'a, 1 ga Nuwamba

Kwana 11, kuma wannan ne mako mafi daɗi tun da muka fara.

Abu na farko da ya ba su mamaki, saiwa ce ke fara fitowa, ba ganye ba, kuma ko ta ina aka kwantar da ƙwayar sai saiwar ta lanƙwasa ta nufi ƙasa. Wani ya juya kofinsa a kaikaice don ya ruɗe ta. Bayan kwana biyu ta sake karkatowa ƙasa. Ya ce ta fi shi taurin kai.

Yau muka buɗe kabad. Na duhun ba tsirowa kawai suka yi ba, sun fi na taga tsayi ƙwarai. Aka yi ta ihu, 'yan ukun da suka yi hasashe daidai suna ta buga ƙirji. Na bari hayaniya ta lafa, sannan na ce a zo a duba da kyau. Dogaye ne, amma fari-fari, rawaya-rawaya, sirara, ganyen ƙanana a naɗe, ba sa iya tsayuwa sai sun jingina. Na taga gajeru ne, kore shar, masu kauri. Wanne ya fi lafiya? Gardama ta kaure ta kusan minti goma, ban sa baki ba. Daga ƙarshe wata mai ƙaramar murya, wadda ba ta cika magana ba, ta ce, "Na duhun ba girma yake yi ba, neman hanya yake yi." Ban da abin da zan ƙara a kan wannan. Guzurin da ke cikin ƙwayar yake ƙonawa yana miƙewa ko zai riski haske, in bai samu ba guzuri ya ƙare ya mutu.

Na taga kuma duk sun karkata wajen gilashi. Na ba su labarin masanin halittu ɗan Ingila, Charles Darwin, da ɗansa Francis, waɗanda suka wallafa a 1880 yadda suka riƙa sanya wa 'yan tsiron ciyawa hula a ka. Wanda aka rufe wa kai bai karkata wajen haske ba, wanda aka rufe wa tsakiya aka bar kansa a buɗe ya karkata. Abin da ya fi burge su shi ne uba da ɗa suna ɗinka wa ciyawa hula.

Yaron layin baya, mai cewa na roba ne, shi ke riƙe da rula yanzu. Shi ne wanda ba ya iya zama minti goma ba tare da ya tsokani na kusa da shi ba. Kullum da safe yakan riga ni zuwa taga. Jadawalin awonsa ya fi na kowa tsabta, alhali littafin lissafinsa kamar kaji sun yi tono a ciki.

Juma'a, 8 ga Nuwamba

Tambaya ta taso daga wake: in tsiro yana girma, daga ina naman jikinsa ke fitowa? Kowa ya ce ƙasa yake ci. Na ce to waken kofi fa, da ba shi da ƙasa sai auduga? Aka yi shiru.

Na ba su labarin Jan Baptist van Helmont, wani likita ɗan birnin Brussels. Ya busar da ƙasa ya auna, kimanin kilo 90, ya dasa ɗan itacen wilo mai nauyin kilo biyu da ɗoriya, ya rufe bakin tukunyar don kada ƙura ta shiga. Shekara biyar yana ba shi ruwa kawai. Da ya tumɓuke itacen ya auna, ya kai kimanin kilo 77. Ƙasar kuwa abin da ta rage bai kai giram 60 ba. An buga labarin a 1648, bayan rasuwarsa.

Na sa su yi ragin da kansu. Kilo 74 da wani abu sun fito daga wani wuri da ba ƙasa ba. Van Helmont ya ce daga ruwa ne, kuma rabin gaskiya ya kamo. Sauran rabin yana cikin iska: ganye yana jawo kabon dayoksaid, ya haɗa da ruwa da ƙarfin hasken rana, ya gina jikinsa. Sai da aka yi fiye da shekara ɗari kafin a fara gano wannan. A 1771 Joseph Priestley a Ingila ya sa reshen na'a-na'a cikin rufaffen gilashin da kyandir ya mutu a ciki, bayan kwana goma wani kyandir ya ci a wannan iskar. A 1779 Jan Ingenhousz ya nuna cewa sai da haske ganye ke yin wannan aiki. 'Yan rukunin na'a-na'a sun yi ta taƙama da jin cewa tsironsu ya shiga tarihi.

Wani ya buga benci da hannu ya ce, "Ke nan wannan katakon iska ce?" Na ce mafi yawansa daga iska aka gina shi. Bai yarda ba. Na bar shi da rashin yardarsa, don ta fi mini haddar da ba tunani a cikinta.

Nan ne kuma wata ta kama ni: in Priestley ya nuna na'a-na'a tana gyara iska, me ya sa na ce tukwanenmu ba sa yi? Muka koma kan girman gilashinsa da girman ajinmu, da reshe ɗaya na kwana goma a kan kyandir ɗaya.

Alhamis, 14 ga Nuwamba

Na kusa karya sharaɗin farko. Mun yanko 'ya'yan Gizo mun sa a kwalaben ruwa don su yi saiwa, aka manta da ɗaya a bayan kabad. Yau aka ga 'yan tsutsotsi suna wutsil-wutsil a ciki. Na sauro ne. Daga ƙwai zuwa sauro mai tashi kwana bakwai zuwa goma ya isa in akwai ɗumi. Mun kalle su da gilashin ƙara girma, sannan muka zubar a busasshiyar ƙasa a rana. Sabuwar doka: ruwan kwalba ana sauya shi Litinin da Alhamis, farantin ƙarƙashin tukunya kuma ba ya kwana da ruwa. Na kai wa shugaba rahoto da kaina kafin wani ya riga ni.

Juma'a, 22 ga Nuwamba

Jiya malamar aji biyar ta tambaye ni ko tsirran sun sa yara sun fi natsuwa, don tana so ta gwada. Na ce ta ba ni zuwa gobe, domin amsar da ta zo mini baki ita ce "ƙwarai kuwa", kuma na riga na ƙone sau ɗaya.

Ga abin da masu bincike suka gani. A 1984 Roger Ulrich ya duba bayanan marasa lafiya 46 da aka yi wa tiyatar matsarmama a wani asibiti a jihar Pennsylvania. Rabinsu tagarsu na duban itatuwa, rabi na duban bangon bulo. Masu ganin itatuwa sun kwana ƙasa da kwana 8 a matsakaici, sauran kusan 9, kuma na farkon ba su nemi maganin ciwo mai ƙarfi da yawa ba. Rachel da Stephen Kaplan na Jami'ar Michigan suka kawo bayani: mayar da hankali da gangan, irin wanda rabawa mai tsawo ke nema, yana gajiya kamar yadda hannu ke gajiya, kallon ganye kuwa yana jan ido ba tare da ya nemi ƙoƙari ba, sai hankali ya ɗan huta. A ajujuwa ma an gwada. Ke-Tsung Han a Taiwan, a 2009, ya sa tsirrai shida a bayan wani ajin ƙaramar sakandare, aka ga raguwar awannin fashi na rashin lafiya da yawan horo idan aka gwada da ajin da ba a sa wa ba. A Holan kuma Agnes van den Berg da abokan aikinta sun wallafa a 2017 cewa 'yan firamaren da aka yi wa bangon tsirrai a aji sun fi ƙoƙari a wani gwajin tattara hankali. Ajujuwa kaɗan ne a duka biyun, don haka alama ce, ba hukunci ba.

Ga kuma abin da na gani da idona. Minti goman farko na safiya, da a da suke tafiya a "ku zauna, ku yi shiru", yanzu a bakin taga ake yin su, ana awo ana rubutu, kuma in an zauna an zauna. Yaron da ya yi fushi, maimakon in tsayar da shi gaban allo, nakan ba shi tsumma ya goge ganyen Gizo ɗaya bayan ɗaya. Ganyen da yawa, kafin ya gama ya huce. Ɗakin kansa ya daina kama da wurin jiran hukunci.

Amma ba zan rantse cewa koren ganye ne ya yi aikin ba. Ni ma na sauya: na fi yin tambaya, na rage dogon bayani. An kuma ba kowane yaro abin da ke hannunsa, wanda in ya yi sakaci kowa zai gani. Abin da na faɗa wa malamar ke nan: in za ta ajiye tukwane a lungu ta riƙa ba su ruwa da kanta bayan an tashi, ado ta yi, kuma ado ba laifi ba ne. In tana son abin da nake gani, sai ta saki buta.

Sakin butar ne ya fi mini wuya. Sau da yawa ina ganin na'a-na'a ta yi yaushi, hannuna na ƙaiƙayi, sai in daure har mai aikin ranar ya lura.

Talata, 3 ga Disamba

Mun ɗaura farar leda a reshen na'a-na'a, wata a ganyen moda, muka bar su a rana. Kafin tashi ledar na'a-na'a ta yi gumi har yana gangarowa, ta moda kuwa kusan a bushe. Mafi yawan ruwan da tsiro ke sha ta 'yan ƙofofin ganye yake fita. Moda tana rufe nata da rana, sai dare take buɗewa, shi ya sa take jure ƙishi. Yanzu sun gane dalilin da rukuni ɗaya ke ɗaukar buta kusan kullum, wani kuma sai bayan mako biyu ko fiye. Da ma ana ta ƙorafin rashin adalci a kan haka.

Alhamis, 12 ga Disamba

Gobe za a yi hutu na mako uku. Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka tun Litinin muke gwada lagwani: igiyar auduga, baki ɗaya cikin rufaffiyar gorar ruwa ta ɗan ƙaramin huji, ɗaya bakin a binne cikin ƙasar tukunya. Ya yi aiki a kan Gizo biyu. Moda za ta zauna haka nan. Na'a-na'a zan tafi da ita gida.

'Ya'yan Gizo 19 sun yi saiwa. Mun dasa su a gwangwanayen da aka huda gindinsu, aka yi ƙuri'a, don ba su isa kowa ba. Waɗanda ba su samu ba na rubuta sunayensu, su ne na farko a zango mai zuwa. An yi kuka kaɗan.

Litinin, 6 ga Janairu, 2025

Mun dawo. Moda biyu kamar ba a je ko'ina ba. Gizo Babba lafiya lau, har da sababbin sili uku. Gizo Ƙarami ya sha wuya, lagwaninsa ya zame daga gora, bakin ganyensa duk ya bushe, amma tsakiyar kore ce, ajiyar da ke saiwarsa ta riƙe shi. Na'a-na'a, wadda ke hannun malama, ita ce ta dawo da ƙwari farare a bayan ganye. Na sha tsiya. Mun ware ta a waje, za a riƙa wanke ta da ruwan sabulu mai tsarwa har su ƙare.

Cikin 19 da aka kai gida, 14 suna raye bisa rahoton masu su. Biyu akuya ko ƙane ya gama da su, uku ba a san abin da ya faru ba. Tohon alovera yana nan, ya fitar da ganye na huɗu, mai shi ya kawo shi a cikin kwali don kada iska ta taɓa shi. Ya ce sau biyu kawai ya ba shi ruwa, kuma sai da ya cusa yatsa.

Aikin wannan zango: sauya wa Gizo Babba tukunya, don saiwarsa ta fara leƙowa ta hujin ƙasa, yanko wa mutum 15 da ke jira nasu 'ya'yan, da gwajin hular Darwin, wanda za mu yi da ƙwayar masara da takardar alminiyam. 'Yan aji biyar za su aiko da wakilai uku ranar Laraba su koyi gwajin yatsa. Mai rula ya ce shi zai koya musu, amma ba zai ba da aron rularsa ba.